Gangar da ta cika zaƙi: Metallica da cinikin komawa tushe

Masu iya magana sun ce idan ganga ta cika zaƙi, fashewa za ta yi. Da wuya a sami faifan waƙa da wannan karin magana ya dace da shi kamar Death Magnetic, wanda ƙungiyar makaɗan Amurka mai suna Metallica ta fitar ranar 12 ga Satumba 2008. A wancan mako yawancin mujallun kiɗa na Turai da Amurka sun yi ta shela cewa ɓatattu sun dawo gida, abin da shafukan Faransanci ke kira retour aux sources. Cikin kwana uku aka sayi kwafi wajen 490,000 a Amurka kaɗai, faifan ya hau matsayi na ɗaya a jerin ciniki na Billboard, a watan Fabrairu 2009 kuma ɗaya daga cikin waƙoƙinsa ta ci lambar yabo ta Grammy. Shekaru sun shuɗe, ƙura ta lafa, amma yabon nan bai gushe ba: duk tsohuwar ƙungiyar da ta so farfaɗo da sunanta, wannan faifai ake nuna mata a ce ga hanya. To, lokaci ya yi da za a tuhumi yabon da kansa.

Harshen Hausa ya bambanta abubuwa biyu da mutane kan cakuɗa. Akwai dawowa, akwai komawa. Duk malamin nahawu ya san cewa mai dawowa yana nufo wurin da mai magana yake ne, alhali mai komawa ya ba shi baya ya nufi wurin da aka baro. Mai dawowa yana zuwa da ƙurar hanya a ƙafarsa da tsaraba a jakarsa, ana kuma tarbarsa don a ji abin da ya gano. Mai komawa ba a jiran tsaraba daga gare shi. Abin da Metallica ta yi a 2008 komawa ce aka yi mata ado da sunan dawowa, kuma laifin ba na makaɗan kaɗai ba ne. Masu sauraro da masu sharhi da ƴan kasuwar faifai duk suna da kaso a ciki.

Wane tushe ake magana?

Kafin a yi hukunci, wajibi ne mai karatu ya san irin kiɗan da ake batu. Tirash metal ya tsiro ne a farkon shekarun 1980, sa'ad da samarin Amurka suka haɗa nauyin kiɗan metal na Ingila, irin na Motörhead da Diamond Head da Iron Maiden, da saurin kiɗan fank na ƴan tawayen unguwa. Ginshiƙinsa shi ne take, wato gajeren salon gita da ake maimaitawa kamar yadda makaɗin ganga ke maimaita taken wani basarake, sai dai a nan ana bugunsa da sauri ƙwarai, hannun dama yana sara igiyoyi ba hutawa. Ƙungiyoyi huɗu ne suka yi fice har ake kiransu manya huɗu: Metallica da Slayer da Megadeth da Anthrax.

An kafa Metallica a 1981 a birnin Los Anjeles, lokacin da Lars Ulrich, ɗan ƙasar Danmak da ya yi ƙaura zuwa Kalifoniya, ya ba da cigiyar abokan kiɗa a wata ƙaramar jarida, James Hetfield ya amsa. A 1983 suka koma yankin San Faransisko domin samun Cliff Burton, gwanin gitar bas, suka sallami Dave Mustaine wanda daga baya ya kafa Megadeth, suka ɗauko Kirk Hammett daga ƙungiyar Exodus. Sunansu ya fara yaɗuwa ta hanyar kaset da samari ke kwafa suna aika wa juna ta gidan waya, tun kafin wani gidan rediyo ya kula da su. Faifai huɗu suka yi cikin shekara biyar: Kill 'Em All a 1983, Ride the Lightning a 1984, Master of Puppets a 1986, sai ...And Justice for All a 1988. Waɗannan su ne tushen da ake rantsuwa da shi.

Wanda bai taɓa zama ya saurara ba zai ɗauka hayaniya ce tsagwaronta. Ba haka abin yake ba. Waƙar Creeping Death tana ba da labarin annobar da ta faɗa wa Masar a zamanin Fir'auna. For Whom the Bell Tolls ta samo sunanta da jigonta daga littafin Ernest Hemingway a kan yaƙin basasar Sifen. One kuwa an gina ta a kan ƙagaggen labarin Dalton Trumbo na 1939, labarin sojan da yaƙi ya raba da hannuwa da ƙafafu da gani da ji da magana, ya rage sai tunani. Samari ne da suka tashi cikin fargabar yaƙin nukiliya, suna waƙa a kan yaƙi da ƙwaya da zaluncin shari'a. A 2016 ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya sa Master of Puppets cikin jerin faifan da ƙasa ke adanawa, shi ne na farko daga kiɗan metal da ya sami wannan matsayi.

Abu biyu ne masu kiran a koma tushe suke mantawa game da waɗancan faifai. Na farko, kowane ɗaya daga cikinsu ya saɓa wa wanda ya gabace shi. Tun a 1984, da ƙungiyar ta sa waƙa mai taushi mai suna Fade to Black a faifanta na biyu, wasu masoyanta suka ce ta ci amanar kiɗan. Ke nan zargin barin tushe ya girmi rabin tushen da ake kuka a kansa. Na biyu, ƙarfin waɗancan waƙoƙi daga sassauci yake fitowa. Master of Puppets yana buɗewa ne da gita marar lantarki a hankali kafin aradu ta faɗo. One tana farawa kamar raɗa, sai a ƙarshe ganguna su koma kamar ɓarin harsashi. Cliff Burton, wanda ya karanci ƙa'idojin kiɗa yana kuma ƙaunar ayyukan Bach, shi ya fi cusa musu wannan tarbiyya kafin ya rasu a haɗarin mota a Suwidin ranar 27 ga Satumba 1986. Tushen Metallica na haƙiƙa shi ne ƙin tsayawa wuri ɗaya, da sanin cewa tsawa ba ta razana kowa sai in shiru ya gabace ta.

Shekarun da aka kira na ɓata

A 1990 ƙungiyar ta ɗauki Bob Rock ya tsara mata faifan da aka fi sani da baƙin faifai, ta gajarta waƙoƙi, ta rage sauri. Ciniki ya wuce kwafi miliyan 16 a Amurka kaɗai. A 1996 da 1997 ta fitar da Load da Reload masu ɗanɗanon bulus da kiɗan karkarar Amurka, makaɗan kuma suka aske dogon gashinsu. Abin dariya ne, amma an zubar da tawada a kan askin nan fiye da yadda aka zubar a kan waƙoƙin. A 1999 suka yi wasa tare da babbar ƙungiyar kiɗan sinfoni ta San Faransisko. A watan Afrilu 2000 suka kai Napster ƙara kotu saboda musayar waƙoƙinsu kyauta ta intanet, Ulrich ya ɗauki sunaye fiye da 300,000 na masu amfani da dandalin ya kai har ƙofar kamfanin. Mutanen da musayar kaset ta raina suka zama masu farautar masu musaya. A 2001 Jason Newsted, wanda ya gaji Burton, ya fice, Hetfield kuma ya shiga gidan jinyar masu fama da giya.

Daga cikin wannan rugujewa St. Anger ya fito a 2003. Babu wanda zai ce faifan nan yana da daɗin ji. Ulrich ya saki wayoyin da ke ƙarƙashin ƙaramar gangarsa, ta koma tana amo kamar ana dukan garwa. Babu solo ko ɗaya, wato wurin da mai gita ke warewa shi kaɗai ya nuna gwaninta. Fim ɗin Some Kind of Monster na 2004 ya nuna yadda aka yi aikin: attajirai masu shekara arba'in suna zaune da mai ba da shawara da suke biya dala 40,000 a wata don ya koya musu yadda za su yi magana da juna. Duniya ta yi dariya, masoya suka yi fushi.

Amma a dubi abin da idon basira. St. Anger faifai ne na mutanen da ke cikin rami, kuma amon rami ke fita daga cikinsa. Mutumin da ya fito daga jinya yana kokawa da fushinsa, abokai da suka kusa rabuwa, ƙungiyar da ba ta da mai bas har sai da mai tsara faifai ya karɓi gitar ya buga: duk ana jin su a ciki. Muninsa ya yi daidai da halin da masu shi suke ciki a 2003. Irin wannan faifai ana iya ƙinsa, ana iya ajiye shi ba a sake saurara ba, amma ba a iya cewa ya yi ƙarya. Darasin da makaɗan suka ɗauka daga jifar da suka sha shi ne cewa jama'a ba sa son labarin halin da suke ciki, suna son a maido musu da samarin 1986. Kuma abin da aka yi ke nan.

Ɗinki a kan tsohon awo

Rick Rubin aka ɗauko ya maye gurbin Bob Rock. Makaɗan da kansu sun sha faɗi cewa shawarar da ya ba su ita ce su maida tunaninsu zamanin Master of Puppets, su yi rubutu kamar masu yunwar da ba a san su ba tukuna. Shawara ce mai daɗi a baki. Sai dai a 1986 Hetfield da Ulrich suna da shekara 22, a 2008 kuwa ɗaya yana da 45, ɗaya 44, suna da iyali da dukiya da tabon rayuwa. Ana iya tuna yunwa, amma wanda ya ƙoshi ba ya iya jin ta don an umurce shi.

Adalci ya wajabta a faɗi abin da faifan ya samu. Hannun Hetfield bai mutu ba. Hammett ya sami filin da aka hana shi a 2003. Robert Trujillo, sabon mai bas, gwani ne na gaske. Waƙa irin All Nightmare Long za ta tsaya a gaban kowace waƙar tirash ta shekarun nan ba tare da jin kunya ba. Duk wannan gaskiya ne. To amma a ɗauki jerin waƙoƙin a ajiye kusa da na tsofaffin faifai, sai ɗinkin ya fito fili. A faifan 1984 da na 1986 da na 1988, waƙa ta huɗu ita ce mai farawa da taushi ta ƙare da gudu. A Death Magnetic ma waƙa ta huɗu, The Day That Never Comes, haka aka gina ta. A faifan 1986 da na 1988, waƙar kusa da ƙarshe doguwa ce da kiɗa ya mamaye, ta ƙarshe kuma gajera mai tsananin sauri. A nan ma haka: Suicide & Redemption mai kusan minti goma, sannan My Apocalypse mai minti biyar. An maido da tsohon tambarin ƙungiyar a bangon faifai. An sake ɗauko sunan The Unforgiven karo na uku, bayan na 1991 da na 1997. Waƙoƙi bakwai cikin goma sun wuce minti bakwai, jimillar faifan ta kai wajen minti 75, alhali Master of Puppets bai wuce minti 55 ba.

Wannan aikin tela ne da ya buɗe tsohon littafin awo, ya ɗinka wa magidanci riga da awon da aka ɗauka yana saurayi. Ɗinkin yana iya yin kyau, zaren yana iya zama mai tsada, amma rigar ba ta mutumin da ke tsaye ba ce. A 1986 tsawon waƙa yana zuwa ne don tana da abin faɗi, take yana haifar take. A 2008 sau da yawa ana jin ana jera take bisa take don a cika ma'auni, don a ce ga shi an yi dogo kamar da.

Rinin furfura

Da abin ya tsaya nan, da sai a ce rashin ƙarfin hali ne kawai. Amma akwai batun sauti, wanda shi ne ya fasa gangar. Faifan CD yana da rufi: akwai iyakar ƙarfin da sauti ba ya iya wucewa. Tsakanin wannan rufi da shiru akwai fili mai faɗin desibel wajen 96, wanda ya ishi kowace irin waƙa ta yi raɗa ta kuma yi tsawa. Tun shekarun 1990 kamfanonin faifai suka shiga gasar da aka kira yaƙin ƙara, kowa yana son waƙarsa ta fi ta maƙwabcinsa amo a rediyo da cikin mota. Tunda ba a iya ɗaga rufi, dabarar ita ce a matse sautin da na'ura, a tura duk abin da ke ƙasa zuwa sama. In aka matsa da yawa, kan kowane bugu sai ya daki rufi ya yanke, kunne ya ji shi kamar tsagewar tsohuwar lasifika.

Malamai za su fi kowa gane wannan. Malamin da ke magana da murya daidai, ranar da ya ɗaga ta sau ɗaya aji kan yi tsit. Wanda ke ihu tun daga awa ta farko har a tashi, kafin tsakar rana ɗalibai sun daina jin sa, sai ciwon kai ya rage musu. Death Magnetic malami ne na biyu. An matse shi har bugun ganga ya rasa kaifinsa, wuraren da aka rubuta don su yi taushi suka kusa kamo wuraren tsawa.

Hujjar ba ta jira masana ba. A ranar da faifan ya fito, an saki waƙoƙinsa a wasan bidiyo na Guitar Hero, kuma masu wasan sun karɓi sautin kafin a yi masa matsin ƙarshe. Masu sauraro suka gwada biyun, suka tarar na wasan yara ya fi na faifan da suka saya da kuɗinsu tsabta. Dubban mutane suka sa hannu a takardar koke suna neman a sake haɗa sautin. Ted Jensen, injiniyan da ya yi wa faifan tacewar ƙarshe a Niyok, ya amsa wa wani mai tambaya cewa sautin ya iso masa ne a matse, kuma ba ya alfahari da aikin. Jaridar Wall Street Journal da gidan rediyon BBC suka ɗauki maganar. Ulrich kuwa ya ce shi ya saurara a motarsa, ya ji babu aibi. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa. Ƙarshen abin ban takaici: ƙungiyar da ta kai masu musayar waƙa kotu a 2000 ta wayi gari a 2008 masoyanta na gaskiya suna musayar sautin wasan bidiyo a intanet, don su ji aikinta yadda ya kamata a ji shi. Shi kuwa Rick Rubin, wanda tun a 1999 aka yi irin wannan kuka da faifan Californication da ya tsara wa Red Hot Chili Peppers, a 2009 aka ba shi lambar Grammy ta gwarzon mai tsara faifai na shekara.

Ba haɗari ba ne ya haɗa tsohon awo da matsanancin amo a faifai guda. Cuta ɗaya ce. Wanda aka ce ya nuna har yanzu saurayi ne, alhali ya san ba haka ba, abin da ya rage masa shi ne rinin furfura, kuma a kiɗa ƙara ita ce rini. Rinin kuwa bai daɗe ba. A 2010 ƙungiyar gidajen rediyo da telebijin ta Turai ta fitar da ƙa'idar daidaita ƙarfin sauti, daga baya dandalin sauraro irin Spotify da YouTube suka shiga rage amon duk waƙar da ta cika ƙara don ta yi daidai da sauran. Faifan da aka matse ya rasa fifikon da aka lalata shi dominsa. Ƙarar ta tafi, tsagewar ta zauna. A 2015 aka fitar da wata sabuwar tacewa ta faifan a iTunes mai sassauci, ba tare da ganga ko shela ba.

Amsa ga masu kariya

Masu kare faifan suna da hujjoji uku, kuma kowace ta cancanci amsa.

Suna cewa tirash dama kiɗan ƙara ne, mai neman taushi ya tafi wani wuri. Amsa ita ce maɓallin ƙara yana hannun mai sauraro. Wanda ke son bango ya girgiza da Master of Puppets sai ya murɗa, faifan zai ɗauka, ganguna su fito da kaifinsu. Wanda ya murɗa Death Magnetic na 2008 gajiyar kunne zai ƙara wa kansa. An ƙwace wa mai sauraro zaɓi, sannan aka ce masa kyauta aka yi masa.

Suna cewa ciniki ya raba gardama, domin da wannan faifai Metallica ta zama ƙungiyar farko da ta jera faifai biyar kowane ya fara daga matsayi na ɗaya a Amurka. To a ƙirga biyar ɗin: baƙin faifai, Load, Reload, St. Anger, Death Magnetic. Huɗu daga ciki su ne waɗanda masu wannan hujja ke kira shekarun ɓata. Master of Puppets kuwa, wanda suke ɗauka a matsayin ma'auni, a lokacinsa bai wuce matsayi na 29 ba. In ciniki ne alƙali, to ya wanke St. Anger ya kayar da tushe. Mai hujja ya zaɓi ɗaya.

Suna cewa, a ƙarshe, kowa ya bar gida, gida ya bar shi, don haka komawa ga abin da mutum ya fi iyawa ba abin kunya ba ne. Wannan ita ce hujja mafi nauyi, kuma akwai gaskiya a cikinta. Sai dai a dubi wata ƙungiya daga yanki ɗaya, a shekara ɗaya. A watan Afrilu 2008 Testament ta fitar da The Formation of Damnation, faifanta na sabbin waƙoƙi na farko tun 1999. A tsakani, mawaƙinta Chuck Billy ya yi jinyar ciwon daji da aka gano a 2001, har makaɗan San Faransisko suka yi taron tara masa kuɗin magani. Mai gitarta Alex Skolnick, wanda ya bar ta a 1992, ya je Niyok ya karanci jaz a jami'a kafin ya sake shiga a 2005. Faifan tirash ne ba gauraye, amma ana jin karatun nan a yatsun Skolnick, ana jin muryar mutumin da ya leƙa kabari, akwai kuma waƙa a kan harin 11 ga Satumba 2001, abin da ya faru a zamaninsu na girma. Sun shigo gida da kayan tafiya. Ba a ce kada tsoho ya buga kiɗan ƙuruciyarsa ba. Ana cewa ya buga shi da hannun da yake da shi yau.

Wa ya ci ribar?

Abin da ya biyo baya ya nuna inda ribar ta tafi. A watan Yuni 2010 manya huɗu suka hau dandali ɗaya karo na farko a Warso, aka ɗauki wasan Sofiya aka nuna a gidajen sinima na ƙasashe da yawa. Begen jiya ya zama haja mai tsada. Da Metallica ta sake gwada ƙetare iyaka a 2011, ta yi faifan Lulu tare da Lou Reed bisa wasannin kwaikwayo na Bajamushe Frank Wedekind, sai aka yi mata ruwan duwatsu fiye da na 2003. Ta koma cikin shinge: Hardwired... to Self-Destruct na 2016 da 72 Seasons na 2023 duk a kan turbar 2008 suke, ko da yake sautinsu ya fi tsabta. Abin lura shi ne inda na 2023 ya fi taɓa zuciya shi ne inda Hetfield, yana dab da shekara 60, ya waiwayi shekaru 18 na farkon rayuwa a matsayin dattijo mai duban abin da ƙuruciya ta bar masa. Can ne ya zo da tsaraba. Slayer kuwa ta yi ban kwana da duniya a watan Nuwamba 2019, ta sake hawa dandali a 2024. Ban kwana da dawowa sun zama kakar ciniki biyu, kamar rani da damina.

Wannan labari na Kalifoniya ne, kuma can ya kamata a bar shi. Amma kalmar komawa tushe ba baƙuwa ba ce a tarurrukan ƙungiyoyin al'adu da zaurukan malamai, kuma tarkon da ke cikinta ba ya tambayar ƙasa. Alƙalin gasa da ke auna matashi da yawan kamarsa da magabata, da mai shirya biki da ke gayyatar tsohon makaɗi da sharaɗin kada ya kawo sabuwar waƙa, da mai na'ura da ke murɗa lasifika har kalangu ya rasa muryarsa, dukansu abin da aka yi wa Death Magnetic suke yi, suna kuma zaton hidima suke wa gado. Magabatan da ake kafa hujja da su ba su yi suna da kwaikwayon kowa ba. A zamaninsu su ne ake zargi da kawo baƙon abu, kamar yadda aka zargi samarin nan huɗu a 1984.

Gaskiya ne da tsohuwar zuma ake magani, amma saboda ta tsufa ne, shekaru sun ƙara mata abin da sabuwa ba ta da shi. Wanda ya tsarma ta da ruwa ya tafasa don ta yi kumfa kamar ta bana ya yi asarar maganin, bai kuma sami sabuwa ba. Haƙƙin tsohon makaɗi a kan masu sauraronsa shi ne su bar shi ya tsufa a gabansu, su tambaye shi abin da ya gano a hanya. In suka nace sai ya maido musu da ƙuruciyarsu, zai ba su abin da suka biya: tsohon awo, da ƙarar da za ta rufe tsagewar ɗinki.